Idan Sunayen Fayil Suka Rikice: Shawarwari Ga Gidan Da Ke Sauya Kwamfuta Ko Waya

Kusan kowane gida a yau yana da dukiyar da ba ta cikin adaka ko akwati: hotunan ɗaurin aure da na suna, takardun fili da aka ɗauka a hoto, tafsirin azumin bara, aikin binciken da yarinya ta rubuta a ƙarshen jami'a, muryar mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. Ana kwafe su a filash ko katin memori, hankali ya kwanta. Sai ranar da tsohuwar kwamfuta ta mutu, ko aka bar Windows aka koma Mac, ko yaron gida ya ɗora Linux a laftof. A buɗe ajiyar, a tarar foldar da aka sa wa suna "Ɗaurin auren ƙanwata" ta koma "ÆŠaurin auren Æ™anwata". Wasu fayilolin kuma sun ƙi kwafuwa sam.

Mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ, da masu sa wa karatu suna da Larabci, abin ya fi samunmu, kuma da dalili. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 ne kawai gare shi, an yi shi don Turanci. Daga baya kowane yanki ya samu nasa jadawalin: Windows-1252 don Yammacin Turai, Windows-1256 don Larabci, da sauransu, kuma babu ɗaya daga cikin biyun nan da ya san haruffanmu masu ƙugiya. Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da aka fi ajiye lambobin da ita yanzu. A UTF-8, harafin k bayit ɗaya yake ci, ƙ kuwa biyu. Manhajar da ke bin tsohon jadawali takan ɗauki bayit biyun nan a matsayin haruffa biyu dabam, sai ta nuna Æ da ™. Daga nan yawancin rikicin yake fitowa.

1. Kada ku taɓa asalin ajiyar

Da zarar kun ga sunaye sun birkice, ku ɗauke hannu. Kada a goge, kada a fara sake suna ɗaya bayan ɗaya, kada a wanke filash ɗin. Sunan fayil ba a cikin fayil ɗin yake ba, a wani jeri na dabam ake rubuta shi. Kamar rubutun da ke jikin buhu ne: ruwa zai iya jagwalgwala shi, hatsin ciki kuwa yana nan lafiya. Hoton yana nan, muryar tana nan. Ku yi sabon kwafi, duk gyaran da za a gwada a gwada shi a kan kwafin. Kuma a riƙa kwafewa, ba ɗaukewa ba, domin ɗaukewa tana share fayil daga inda yake, idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki sai a rasa gane abin da ya tafi da abin da ya rage.

2. Ku kalli irin lalacewar da kyau, don ba iri ɗaya ba ce

Wannan ita ce shawarar da na fi son ku riƙe, domin ita ke raba abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa.

Idan ƙaramin akwati mara komai kuka gani a gurbin harafi, sunan lafiyarsa lau. Na'urar ce ba ta da zanen harafin, abin da masu kwamfuta ke kira font. Rediyon mota, talabijin mai karɓar filash da tsofaffin wayoyi sun saba yin haka da ƙ da kuma rubutun Larabci. Ku sa katin a wata na'ura, za ku ga sunan ya dawo.

Idan kuwa baƙin haruffa biyu-biyu ne, to karatu aka yi da jadawalin da ba shi ba, kuma ana iya juya shi. Har da ido za ku iya karantawa: Æ™ shi ne ƙ, É— shi ne ɗ, É“ shi ne ɓ, Æ´ kuma shi ne ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Idan daga fayil ɗin zip abin ya fito, za a iya ganin wasu zane-zane irin ╔ù a gurbin ɗ. Duk muninsu, bayanin bai ɓata ba.

Na ukun shi ne mai ciwo: alamar tambaya, ko ɗan layin ƙasa, ko baƙin lu'ulu'u mai alamar tambaya a ciki. Mafi yawan lokaci wannan yana nufin wata manhaja ta ci karo da harafin da ba ta sani ba, ta jefar da shi ta sa wannan a madadinsa. Idan har an rubuta sunan haka a kan faifai, babu dabarar da za ta dawo da harafin daga wannan kwafin, sai an koma ga asali. Suna mai Hausa dai mutum zai iya cankar sauran, amma foldar karatu mai sunayen Larabci zalla takan koma ????.mp3 daga sama har ƙasa. Shi ya sa shawara ta farko ta zo farko.

3. Ku fara zargin zip

Kwamfutocin yau, Windows ko Mac ko Linux, dukkansu sun iya ƙ da ɗ. A kan hanya ake yin ɓarnar, kuma zip ne ya fi yinta. Phil Katz ya fito da shi a 1989, zamanin DOS, kuma sai a 2006 aka ƙara masa alamar da ke sanar da cewa sunayen ciki da UTF-8 aka rubuta su. Har yau akwai manhajojin da ba sa sa alamar, akwai kuma waɗanda ba sa dubanta. Zip ɗin da aka ɗaure a Mac sau da yawa yakan kwance a Windows da sunaye a birkice, tsofaffin Windows kuma sukan ƙi matse fayil mai irin haruffanmu gaba ɗaya.

Idan zip ɗin yana hannunku, to da sauƙi. Ku goge abin da aka kwance, ku sake kwance shi da wata manhaja. 7-Zip kyauta ce a Windows, The Unarchiver kuma a Mac tana ba mutum damar zaɓar jadawalin da za a karanta sunayen da shi. Nan gaba, idan dole sai an matse, tsarin 7z ya fi aminci saboda da Unicode yake ajiye suna tun asali. Amma hotuna da bidiyo da mp3 a matse suke tun farko, zip ba ya rage musu nauyin a zo a gani. A kwafe foldar yadda take ya fi.

Af, idan kun ga folda mai suna __MACOSX ko fayil mai suna .DS_Store, ba cuta ba ce. Tarkacen Mac ne, ba ruwan Windows da su.

4. Alamomi tara da Windows ba ta karɓa

Ga su: < > : " / \ | ? da *. Linux kuwa / kaɗai ta hana a cikinsu, Google Drive ma ba ya damuwa da su. Saboda haka ɗalibin da ya sa wa karatu suna "Baƙara 2:255.mp3" a Linux, ko uwar gidan da ta rubuta "kuɗin adashe 12/3/2024" a Mac, ba za su ga matsala ba sai ranar da aka zo maido da ajiyar a Windows. Wata manhajar za ta sauya alamar da layin ƙasa, wata za ta tsaya ta yi ƙorafi, wata kuma ta tsallake fayil ɗin ba tare da ta ɗaga murya ba. Haka nan Windows ba ta son suna mai ƙarewa da ɗigo ko fili, kuma ta keɓe wa kanta wasu sunaye tun zamanin DOS, irin su CON da PRN da AUX da NUL. Tun tsohuwar na'urar tana numfashi, ku nemo irin waɗannan sunaye ku gyara su a can.

5. Dogon suna da folda cikin folda

Windows ta daɗe da iyakar harafi 260 ga dukan adireshin fayil, wato sunansa haɗe da sunayen duk foldodin da yake ciki. Ajiyar da ta zauna lafiya a filash za ta iya haura iyakar idan aka zuba ta cikin "Takardu", cikin "Tsohuwar kwamfutar Baba", cikin "Abubuwan da aka kwaso". Maganin ba wuya: a buɗe folda mai gajeren suna a bakin faifai, a zuba a can. A Linux kuma iyakar suna bayit 255 ce, ba harafi 255 ba. Tunda kowane harafin Larabci bayit biyu yake ci, sunan littafi ko wa'azi da ya haura harafi 127 ba zai shiga ba, ko da ya zauna daidai a Windows.

6. Hattara da fayil biyu su zama suna ɗaya

A nan ne ake asarar gaske, domin ba suna kaɗai ke tafiya ba, fayil ɗin ne kansa.

A Linux, Hoto.jpg da hoto.jpg abubuwa biyu ne. A Windows, da Mac yadda take zuwa daga kamfani, abu ɗaya ne. Haka kuma idan manhaja ta maye ƙugiya da layin ƙasa, "ƙaura.doc" da "ɗaura.doc" duk sun koma "_aura.doc". Sai akwatin tambaya ya fito, ko a danne na farkon da na biyu. Wanda ya gaji da jira yakan danna "eh ga duka" ya tafi sallah, ya dawo ya tarar aiki ya kammala, bai san an rasa kome ba. Duk lokacin da aka yi muku wannan tambaya, ku zaɓi a ajiye dukansu. Gara kwafi ya yi yawa a tace daga baya.

Wayoyi sun fi kowa wannan. WhatsApp a Android yana sa wa hoto suna irin IMG-20240312-WA0005.jpg, saƙon murya kuma PTT-20240312-WA0005.opus, wato kwanan wata da lambar jeri. Sunayen nan ba sa birkicewa, amma wayar maigida da ta uwargida za su iya haifar da suna iri ɗaya sak a rana guda, musamman ranar biki. Kyamarori ma haka, kowacce daga IMG_0001 ko DSC_0001 take farawa. Kowace waya a ba ta foldarta, da sunan mai ita da shekara, kada a zube su wuri ɗaya.

7. Sunan da ake gani amma bincike ya kasa samo shi

Alamar da muke sa wa 'ya'ya da 'yar da jami'a ba guda ɗaya ba ce a wurin kwamfuta. Akwai miƙaƙƙiya da ke kan madannai, akwai lanƙwasasshiya wadda Word da wasu wayoyi ke sauyawa da kansu, akwai ma ta uku da wasu madannan Hausa ke fitarwa. A ido kusan ɗaya suke, lambobinsu kuwa dabam-dabam. Ita lanƙwasasshiyar ce ke komawa â€™ idan an yi mata mugun karatu. In kun nemi fayil bai fito ba, ku nema da wata kalmar da ba ta da alamar.

Gidajen Nijar da Kamaru da Cadi, inda ake cakuɗa Faransanci a suna, suna da ƙarin wata. Tsohon tsarin faifan Mac yakan raba é gida biyu, e dabam, alamar samansa dabam, alhali Windows a haɗe take rubuta shi. Idan aka haɗa ajiyar ɓangarorin biyu sai a ga folda biyu masu suna iri ɗaya, kowacce da rabin kayan. Tsarin APFS da Apple ya kawo a 2017 ya rage wannan, amma tsofaffin faifai suna nan da halinsu. Kafin a goge ɗaya da sunan maimaici ne, a leƙa cikin kowacce. Su ƙ da ɗ da ɓ wannan bai shafe su ba, domin kowannensu harafi ne guda a Unicode.

8. Yadda za a riƙa sa suna daga yau

Ina cikin masu jin zafi idan an rubuta Hausa babu ƙugiya, kuma a cikin wasiƙa da littafi da saƙon waya ba na sassautawa. Amma sunan fayil ɗin da ake so ya yi shekara ashirin yana yawo tsakanin filash da shagon kwamfuta da rediyon mota, shawarata a rubuta shi da haruffan da kowace na'ura ta sani: a zuwa z, lambobi, da ɗan layin tsakiya. Ba don Hausa ta gaza ba, sai don ba ku san hannun wace tsohuwar manhaja zai faɗa ba. Cikakken suna da ƙugiyoyinsa a rubuta shi a cikin takardar, a shafin farko, inda ba abin da zai taɓa shi.

A fara da kwanan wata, shekara a gaba: 2024-03-12-daurin-auren-kanwata. Da haka fayiloli za su jeru da kansu bisa lokaci, kuma ko an cire ƙugiya da wuya a samu biyu masu suna ɗaya. A bar ɗan wutsiyar da ke bayan ɗigo, .jpg ko .pdf ko .mp3, yadda take. Windows takan ɓoye ta, amma idan tana bayyane aka goge ta wajen sake suna, fayil ɗin zai ƙi buɗuwa har sai an mayar. Fuskokin dariya da furanni kuma a bar wa hira.

Masu tsofaffin rubuce-rubucen da aka buga da font ɗin da ke mayar da q ta zama ƙ, x ta zama ɗ, v ta zama ɓ, sunayensu ba za su birkice ba, tunda haruffan Turanci ne a ƙasa. Sai dai ku ajiye font ɗin tare da takardun a folda ɗaya, in ba haka ba sabuwar kwamfuta "qasa" da "xaki" za ta nuna muku daga farko har ƙarshe.

9. Filash da faifan CD

Filash ɗin da zai riƙa zirga-zirga tsakanin Windows da Mac da Linux, a tsara shi da exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006. Dukansu suna karanta shi suna rubutu a kai. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabayit 4, bidiyon biki kuwa yakan wuce haka. NTFS kuma Mac tana karantawa amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Sauya tsarin yana share duk abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna.

Faifan CD na bikin shekarun baya a kwafe su tun suna karantuwa. Tsarin Joliet da aka buga yawancinsu da shi harafi 64 yake ɗauka, saboda haka an riga an datse dogayen sunaye tun ranar bugawa. In kuma wata na'ura ta nuna muku suna irin AURENB~1.JPG, gajeren suna ne mai harafi takwas na zamanin DOS, sau da yawa dogon yana nan idan an duba a kwamfuta.

10. A rubuta jeri

Takarda ɗaya a bakin ajiyar, da kwafinta a littafin gida: folda kaza hotunan suna ne na shekara kaza, folda kaza tafsirin malam wane ne, takardun fili suna wuri kaza. Kada a dogara da kwanan watan da ke ɓoye cikin hoto, domin WhatsApp yana cire shi daga hoton da aka tura ta hanyar da aka saba.

11. A gwada maidowa kafin a rabu da tsohuwar na'ura

Kafin a sayar da tsohuwar laftof, ko a ba ƙani, ko a kai a wanke ta, a zuba ajiyar a sabuwar na'ura a duba. A Windows, idan aka danna folda da maɓallin dama aka shiga bayananta, za a ga adadin fayiloli da foldodin da ke ciki. A rubuta lambar ta can, a rubuta ta nan. In can 4,812 ne nan kuma 4,790, to guda 22 sun maƙale a hanya, kuma galibi masu dogon suna ne ko masu alamomin nan tara. Sannan a buɗe 'yan kaɗan daga kowace folda, musamman masu ƙugiya da masu Larabci. Tsohuwar ta ƙara ko da wata ɗaya a gida kafin ta fita.

Idan sunayen da suka birkice sun kai ɗaruruwa, kada ku zauna gyara su da hannu. Ku kai wa mai gyaran kwamfuta kwafi, asalin ya kwana a gida. Ku gaya masa daga wace na'ura aka kwaso, da wace manhaja, a wace shekara, domin da wannan zai gane jadawalin da aka yi kuskuren karatu da shi. A Linux akwai ƙaramar manhaja mai suna convmv da ke juya sunayen folda guda a lokaci ɗaya, kuma takan fara nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa kome ba. Ku ce ya nuna muku wannan gwajin a allo, ku karanta sunaye goma da idonku, ku ga ƙ ta dawo ƙ, kafin ya ba ta izinin aiki. Takardun fili da na banki da hotunan iyali na cikin gida kuwa ku ware su kafin ku fita, ko ku zauna a shagon har a gama a goge kwafin daga kwamfutarsa.